Kololi, Garin da Kakarsa ke Sauka a Jirgin Sama

Daga ƙarshen watan Oktoba jiragen shata ke fara sauka a filin jirgin saman Yundum, maƙare da Turawan da suka gudo wa sanyin Ingila da Holand. Kafin tayar jirgin farko ta taɓa ƙasa, garin Kololi ya riga ya yi wanka ya sa kwalli. An shafa wa gidajen abinci sabon fenti, an gyara rufin rumfunan bakin teku da ruwan damina ya yage, masu tasi sun kai motocinsu gareji da kuɗin bashi, manajojin otal kuma sun fara buga wa ma'aikatan da suka sallama tun watan Mayu waya ɗaya bayan ɗaya. Wanda wayarsa ta yi ƙara ya san tukunyar gidansa za ta hau wuta har zuwa Afrilu. Wanda bai ji kira ba sai ya goge riga ya tafi ƙofar otal da ƙafarsa.

Kololi ɗaya ne daga jerin garuruwan da ke kwance a gaɓar tekun Atlantika a ƙasar Gambiya, tare da Bakau da Fajara da Kotu da Bijilo. Gambiya ce ƙasa mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka idan aka cire tsibirai. Mutanenta ba su kai miliyan uku ba, Senegal ta kewaye ta ta ɓangare uku, gaɓar tekunta kuwa kimanin kilomita 80 ce. Amma kusan duk manyan otal-otal ɗin ƙasar a 'yar tazarar da ke tsakanin waɗannan garuruwa suka taru, wadda mota ke cinyewa cikin rabin awa idan babu cunkoso.

Shekarar mutanen wannan yanki kashi biyu ce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ana nema. Daga Mayu zuwa Oktoba ana cin abin da aka tara, in an tara. Manomin Arewa zai gane wannan rayuwa nan take, domin shi ma da kaka yake cika rumbu ya lallaɓa shi har wata kakar. Bambancin shi ne manomi yana iya kallon sama ya karanta hadari, irinsa kuma yana hannunsa. Mutumin Kololi kuwa kakarsa a ofisoshin kamfanonin tafiye-tafiye na Landan da Amsterdam ake yanke ta. Can ake ƙayyade jirage nawa za su zo, yaushe za su fara, yaushe za su daina, da kuɗin da za a biya kowane ɗaki.

Baturen da ya buɗe ƙofar

Abin ya samo asali ne a 1965, shekarar da Gambiya ta sami 'yancin kai daga Birtaniya. Wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Harding ne ya kawo ayarin farko, mutum kimanin 300, waɗanda ke neman inda za su sha rana a lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasarsu. Abin da ya hango a fili yake. Tafiyar awa shida ce daga Landan, agogon Gambiya ɗaya ne da na Ingila a lokacin hunturu, Turanci ne harshen hukuma, kuma daga Nuwamba zuwa Mayu da wuya a ga ɗigon ruwan sama. Har yau babban titin da ya ratsa bayan otal-otal ɗin sunansa yake ɗauke da shi.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Sir Dawda Jawara ta keɓe wani siririn zirin ƙasa a bakin tekun, ta ce na harkar yawon buɗe ido ne kawai. Ƙauyukan masunta da manoma suka wayi gari da maƙwabta masu wurin ninkaya. Littafin Roots na Alex Haley, wanda ya fito a 1976, da fim ɗinsa na talabijin da ya biyo baya a 1977, suka ƙara sanar da duniya sunan ƙasar, musamman ƙauyen Juffureh da ke bakin kogi. Kololi kuwa ya samu tasa ɗaukakar ce daga otal ɗin Senegambia, wanda gajeren titin da ya miƙe zuwa ƙofarsa ya zama cibiyar hada-hadar dare a duk ƙasar.

A wancan zamani tsarin ya yi wa mutane daidai. Saurayi ya yi aikin otal da rani, ruwa na sauka ya koma ƙauye ya noma gyaɗa, ya dawo bayan girbi. Sana'o'in biyu ba sa karo da juna. Yau jikokin waɗancan samari a Serekunda da Bakoteh da Sukuta aka haife su, a gidajen haya, kuma da yawansu ba su da gonar da za su koma.

Titin Senegambia a tsakiyar kaka

Wanda ya bi titin da daddare a watan Janairu zai yi zaton kuɗi ba ya ƙarewa a garin. Gidan abincin Indiya na jingine da na Lebanon, na Italiya na kallon na China, ga masu canjin kuɗi, ga kiɗa na tashi daga kowace ƙofa. A bakin kowane gidan abinci akwai saurayi riƙe da takardar jerin abinci, aikinsa ke nan ya tare mai wucewa da fara'a. Koren tasi, wanda aka keɓe wa baƙi, ya yi layi yana jiran wanda zai biya ninkin-ba-ninkin abin da ɗan gari ke biya a tasi mai ruwan ɗorawa ko a gele-gele, wato ƙananan motocin bas da ke jigilar talakawa.

Da safe harkar bakin teku take komawa. Can za a ga mata masu sayar da 'ya'yan itace a rumfunansu, suna yanka gwanda da kankana da ayaba a faranti. Ga samari masu matse lemo, kowa da teburinsa da ya yi wa ado da fenti. Ga masu hayar dawaki, ga masu gasa kifi. A gadar Kotu kuwa tun da asuba masu nuna tsuntsaye ke tsaye da tabaran hangen nesa, domin an ƙidaya tsuntsaye sama da iri 500 a wannan 'yar ƙasa, kuma akwai Baturen da ba abin da ya kawo shi sai su. A kasuwannin kayan hannu mata na kasa rinannun zannuwa da duwatsun wuya, maza na goge sassaƙen da aka yo daga Brikama. Wasu na kai baƙi Bakau su ga kadojin tafkin Kachikally, wasu Tanji su kalli dawowar kwale-kwalen masunta da yamma.

Duk waɗannan mutane, da iyalan da ke bayansu, ido suka zuba wa abu ɗaya: ɗan kuɗin da baƙo ya riƙo a aljihunsa. Babban kuɗin, na jirgi da na ɗaki, tun a Turai ya biya shi, kuma kaso mai tsoka can yake zama. Wani bincike da cibiyar ODI ta Landan ta gudanar wajen 2007 ya gano cewa daga abin da ake kashewa a cikin Gambiya, kimanin kashi 14 cikin 100 ne ke shiga hannun talaka kai tsaye, kuma mafi yawansa ta hanyar ƙananan saye-sayen nan na waje yake zuwa: tsaraba, lemo, tasi, ɗan hasafin da ake bar wa mai hidima.

Shi ya sa babu abin da mutanen bakin teku suka tsana kamar tsarin nan na biya-gaba-ɗaya, inda baƙo ke biyan kuɗin kwana da ci da sha tun daga gida, a ɗaura masa wani ɗan zobe na roba a wuyan hannu, ya yi mako biyu bai leƙa waje ba. Me zai fitar da shi, alhali ya riga ya biya abincin rana? A 1999 gwamnatin Gambiya ta yi ƙarfin hali ta haramta tsarin. Kamfanonin Turai suka nuna ba su ji daɗi ba, kuma kowa ya san suna da wasu ƙasashen masu rana da yashi da za su karkata jiragensu. Ba a daɗe da cika shekara ba aka janye dokar. Wannan ya nuna wa kowa wanda ke riƙe da wuƙa da nama.

Ƙananan masu sana'a ba su zauna ba. A shekarar 2000 suka kafa ƙungiyarsu, ASSET, suka shiga tattaunawa da otal-otal da kamfanonin jigilar baƙi. Masu sayar da 'ya'yan itace suka amince su daina bin baƙo da tire a ka, su zauna a rumfa. Masu matse lemo da masu rakiyar baƙi suka tsara wa kansu ƙa'idoji da katin shaida da farashi. Wasu otal-otal suka fara barin masu kayan hannu su shigo harabarsu su kasa kaya a ranakun da aka tsayar. A 2004 kuma aka ƙaddamar da wani shiri na haɗa masu lambu da ɗakunan girkin otal, domin a rage shigo da tumatir da karas daga waje alhali ga matan ƙauye na nomawa. Waɗannan matakai sun ƙara wa mutane ciniki a lokacin kaka. Tsawon kakar dai yana nan yadda yake.

Samarin yashi

Ba a maganar Kololi a tsallake samarin da ake kira bumsta. Da zarar tubab, wato Bature, ya sa ƙafa a wajen otal, ɗayansu zai ɓullo a gefensa da murmushi, ya tambayi sunansa da ƙasarsa, ya yi tayin nuna masa kasuwa ko kai shi gidansu ya ga iyali. Wasu rakiya kawai suke yi a ba su na goro. Wasu abota suke nema wadda za ta kai ga kuɗin makarantar ƙane ko jarin shago. Wasu kuma aure suke hari, da takardar bizar da ke bayansa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai tsofaffin matan Turawa da ke zuwa musamman domin irin waɗannan samari. Jaridun Ingila sun daɗe suna cin kasuwa da labarin, abin da ke ƙona wa 'yan Gambiya rai ƙwarai.

Hukuma ta gwada ƙarfi. A zamanin mulkin Yahya Jammeh jami'an tsaro sun sha yin shara a bakin tekun gab da buɗe kaka, su kama samarin, su aske musu kitson gashin da suke tarawa. A 2003 aka yi dokar laifukan yawon buɗe ido, wadda ta hukunta takura wa baƙi, ta kuma tanadi hukunci mai tsanani ga baƙon da ya yi lalata da ƙananan yara, domin ita ma wannan masifa ta biyo jiragen. An kafa rundunar tsaro ta musamman a yankin. Duk da haka samarin ba su ɓace ba, kuma da wuya su ɓace. Yaron da ya gama sakandare babu aiki, ya ga maƙwabcinsa ya gina wa uwarsa gida saboda wata abota da aka ƙulla a kan yashi, wa'azi kaɗai ba zai hana shi gwada sa'arsa ba. Laifin da ake ɗora masa na gaskiya ne, amma wanda ya zo da fam a jaka yana neman abin da ba zai iya yi a garinsu ba shi ma yana da nasa kason.

Kusan duk ma'aikatan nan Musulmi ne, kamar mafi yawan 'yan ƙasar. A 'yan shekarun nan azumi ya faɗo a cikin kakar baƙi, a watan Maris. Mai hidima na ɗauke da ƙishirwa yana jera wa baƙi abin sha a bakin wurin ninkaya, ladan na kiran magariba ya zagaya bayan ɗakin girki ya sha ruwa da burodin tapalapa, ya dawo bakin aiki. Garin ya daɗe da koyon zama da wannan.

Idan jirgin ƙarshe ya tashi

Bayan bikin Ista jirage ke fara ja da baya. Kafin tsakiyar Mayu an ɗebe gadajen shan rana an jibge a sito. Wasu otal-otal na rufewa gaba ɗaya su ce za su yi gyara. Wasu su bar ɓangare ɗaya a buɗe da ma'aikata kaɗan, sauran a ce musu sai an neme su. Gidajen abincin titin Senegambia da ke hannun baƙin haure su sa kwaɗo, masu su su tafi ƙasashensu hutu. Koren tasi zai yini a inuwa bai yi lodi ɗaya ba, direbobin na zagaye da butar shayin ataya, ana dafa na farko da na biyu da na uku, hira na tsawo saboda babu inda za a je.

A nan ne lissafin gida ke tsananta. Haya ba ta san kaka ta wuce ba. Buhun shinkafa, wadda mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, bai san an rufe otal ba. Sannan Babbar Sallah, wadda suke kira Tobaski, a shekarun 2023 da 2024 da 2025 duk a watan Yuni ta faɗo, wato 'yan makonni bayan an karɓi albashin ƙarshe. Magidanci zai je kasuwar dabbobi ta Abuko ya taya ragon da aka koro daga Senegal ko Mali ko Muritaniya, ga ɗinkin yara, ga na uwargida, da kuɗin da ya kamata ya kai shi Oktoba. A Satumba kuma makarantu su koma, daidai lokacin da aljihu ya kai ƙasa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne watannin Yuli zuwa Satumba su ne kuma lokacin yunwa a karkarar Gambiya, sa'ad da hatsin bara ya ƙare sabo bai nuna ba. Dangin ƙauye na ɗago waya su kira ɗan'uwansu da ke aiki a wurin Turawa, shi kuwa wata biyu ke nan rabonsa da albashi. Ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta, lungunan Serekunda su cika da taɓo, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara. A ƙarshen Yulin 2022 an yi ambaliyar da aka ce an yi kusan rabin ƙarni ba a ga irinta ba, kuma unguwannin da ma'aikatan otal ke zaune na cikin waɗanda suka sha wuya.

Yadda ake tsallake waɗannan watanni ilimi ne mai zaman kansa. Mata na riƙe da adashi, wanda suke kira osusu, kuma mai dabara kan nemi kwasarta ta faɗo cikin damina. Mai sayar wa Turawa gwanda a faranti za ta koma kasuwar Serekunda ta kasa mangwaro ko ta ƙulla wonjo, wato zoɓo, a leda. Mai dafa abincin otal ya koma girkin biki. Mai shara ya bi 'yan gini ya ɗauki bulo. Mai kanti a unguwa yana da littafin bashi da ke kumbura daga Yuni, ya fara sacewa a Disamba. Akwai kuma wata hanyar da ba a cika faɗa ba: baƙon da ya saba zuwa kowace shekara, ya san mai gyara masa ɗaki da sunan 'ya'yanta, yakan turo ɗan abu idan an yi masa saƙon WhatsApp. Gidaje da dama da irin wannan zumunci suke ganin ƙarshen damina.

Wanda ya gaji da wannan juyi yakan kama hanyar da suke kira bakwe, wato shiga Turai ta bayan fage. Tsakanin 2014 da 2017 'yan Gambiya na cikin sahun gaba na waɗanda suka isa Italiya ta teku, duk da ƙanƙantar ƙasarsu, kuma mafi yawansu ta Agadez suka bi zuwa Libiya. Daga baya hankali ya koma kan kwale-kwalen da ke nufar tsibiran Kanari. A Disamban 2019 wani da ya tashi daga garin Barra ya kife a gaɓar Muritaniya, mutum sama da 60 suka mutu. Waɗanda suka tsira suka samu aiki su ne yanzu ke riƙe da gidaje: tun daga 2021 kuɗin da 'yan Gambiya mazauna waje ke aikowa ya haura dala miliyan 700 a shekara, kuma shi ba ruwansa da rani ko damina.

Shekarun da kakar ta ƙi zuwa

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan cewa Nuwamba za ta zo da jirage. Sau da yawa ba ta zo da su ba.

A 22 ga Yulin 1994 Jammeh ya kifar da gwamnatin Jawara. A watan Nuwamba, bayan wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba, gwamnatin Birtaniya ta shawarci 'yan ƙasarta su ƙaurace wa Gambiya. Kamfanoni suka kwashe baƙinsu ana tsakiyar buɗe kaka, adadin masu zuwa ya faɗi da kusan rabi, dubban mutane suka rasa aiki. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya. Ko mutum ɗaya bai kamu da ita a Gambiya ba, amma ga mai sayen tikiti a Turai Afirka ta Yamma duk gari ɗaya ce, aka yi ta soke tafiya.

A Janairun 2017, da Jammeh ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a hannun Adama Barrow, duk da zuwan da Shugaba Muhammadu Buhari da takwarorinsa suka yi Banjul domin lallashinsa, sai ya kafa dokar ta-ɓaci. Kamfanin Thomas Cook ya turo jirage ya kwashe dubban baƙi cikin 'yan kwanaki, a watan da ya fi kowane ciniki. Jammeh ya bar ƙasar a 21 ga watan, amma kakar ta riga ta lalace.

Shi kansa Thomas Cook ɗin, bayan shekara 178 yana aiki, ya durƙushe a 23 ga Satumban 2019, saura 'yan makonni a buɗe kaka. Rahotannin lokacin sun ce kusan kashi 40 cikin 100 na masu zuwa Gambiya shi ke kawo su. Otal-otal sun riga sun yi fenti, sun sayi kaya, sun kira ma'aikata. Gwamnati da masu otal suka bazama neman wasu kamfanonin su cike giɓin, aka samu aka ɗan farfaɗo, har shekarar ta ƙare da baƙi sama da dubu 200. Wata shida bayan durƙushewar kamfanin korona ta rufe iyakoki, adadin na 2020 bai kai dubu 100 ba. A Yunin 2024 kuma kamfanin FTI na Jamus, wanda shi ma yake da hannu a harkar otal a ƙasar, ya bi sahun Thomas Cook.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai matse lemo a Kololi ya jawo, kuma babu wanda aka yi shawara da shi a kai.

Teku na ci, fili na tsada

Yashin da ake sayarwa shi ma ba tabbas gare shi ba. Teku na cin gaɓar Kololi shekara da shekaru, kuma ɗibar yashin gini da aka daɗe ana yi a bakin ruwa ta ƙara masa ƙarfi. Tsakanin 2003 da 2004 aka kashe maƙudan kuɗi, da tallafin Bankin Raya Afirka, aka zuƙo yashi daga cikin teku aka faɗaɗa bakin ruwan da kimanin mita 100. Cikin 'yan shekaru igiyar ruwa ta kwashe mafi yawansa, otal-otal suka koma jera buhunan yashi da duwatsu. Can kudu, a Gunjur da Sanyang da Kartong, masana'antun niƙa kifi na 'yan ƙasashen waje sun haddasa rigima da mazauna, waɗanda ke kukan wari da gurɓatar ruwa da tsadar kifin bonga, abincin talaka.

Ta ɓangaren tudu kuwa, fili ya zama zinariya. Turawan da suka yi ritaya da 'yan ƙasa mazauna waje sun saye filaye a Bijilo da Kerr Serign da Brufut, gidaje masu dogayen katanga sun maye gurbin gonaki. Ma'aikacin da ke gyara ɗaki mai kallon teku ba zai iya kama haya kusa da wurin aikinsa ba, sai ya yi ta matsawa ciki, kuɗin mota na cin albashin.

Neman wata na bakwai

Kowace gwamnati ta yi alkawarin mayar da harkar ta shekara cur. Hukumar yawon buɗe ido ta laƙaba wa damina suna mai daɗi, koren lokaci, tana tallar araha da ganyen da ya lulluɓe ƙasa. A 1996 aka fara shirya bikin Roots domin janyo baƙar fatar Amurka su zo ganin tushensu. An gina katafariyar cibiyar taro ta Sir Dawda Kairaba Jawara a Bijilo da kuɗin China, bayan an sare wani yanki na dajin birai da ke wurin, abin da masu kare muhalli suka yi tir da shi. A can aka yi taron ƙolin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a watan Mayun 2024, kuma saboda shi aka faɗaɗa titin Bertil Harding. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 68 domin faɗaɗa harkar zuwa cikin ƙasa da kare wurare irin su tsibirin Kunta Kinteh, wanda shi ma ruwa ke cinyewa.

Taro da biki na cika ɗakuna na 'yan kwanaki ne. Abin da zai iya sauya lissafin Kololi shi ne baƙon da ba sanyi ne ya koro shi ba, wanda ruwan Agusta ba zai ba shi tsoro ba domin a garinsu ma ana yin sa. Wannan baƙo a maƙwabta yake: ɗan Senegal da ke zuwa ƙarshen mako, ɗan Gambiya mazaunin Turai da ke kawo 'ya'yansa hutun makaranta, da ɗan Najeriya. Hukumomin ƙasar sun daɗe suna zawarcin kasuwar Najeriya saboda wannan dalili. Akwai jirgi daga Legas zuwa Banjul, mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, abincin halal ne kusan ko'ina, masallaci kuma ba ya nisa. Masu otal da suka shekara hamsin suna koyon yadda Bature ke son shayinsa sun makara wajen koyon abin da baƙon Afirka ke so, kuma tsadar tikitin jirgi tsakanin ƙasashen yankin na nan tana hana ruwa gudu.

Mai karatun da Allah ya hore wa halin zuwa hutu, ya duba watannin Yuli da Agusta, lokacin da kuɗin ɗaki ke sauka. Idan ya je, kada ya sayi tsarin biya-gaba-ɗaya. Ya fita waje ya ci domoda da benacin a ƙaramin gidan abinci, ya ɗauki mai rakiya mai katin shaida, ya sayi tsarabarsa a hannun matan kasuwar kayan hannu, kuma ya bar wa mai gyara masa ɗaki hasafinta a hannunta.